Tamar Frodingham Da Wutar Scunthorpe

Ran Asabar 12 ga watan Afrilu 2025 an yi wani abu a Ingila wanda ba kasafai a kan ga irinsa ba. Wakilan Majalisar Dokoki suna cikin hutu, kowa ya tafi garinsu, sai aka aika musu su komo birnin London da gaggawa. Suka zauna da hantsi, kafin dare ya raba sun gama muhawara, sun zartad da doka, Sarki ya sa mata hannu. Abin da ya jawo wannan gaggawa kuwa wuta ce ta tanderu biyu na narka tama, wadda ta ke neman mutuwa a wani gari da a ke kira Scunthorpe, cikin lardin Lincolnshire, gabashin ƙasar. A ran nan su kaɗai ne irinsu da suka rage suna ci a duk ƙasar Birtaniya.

Masu ma'aikatar, watau kamfanin Jingye na ƙasar Sin wanda ya mallaki British Steel, sun sanar tun cikin watan Maris cewa hasarar da su ke yi ta kai wajen fam 700,000 kowace rana, saboda haka suna shawarar kashe wutar. Aikin mutum kamar 2,700 ya rataya ga wannan shawara. Ministan ciniki na lokacin, Jonathan Reynolds, ya shaida wa Majalisa cewa kamfanin ya ƙi ci gaba da sayen tama da kwal ɗin da a ke zuba wa tanderun. Dokar ba ta ƙwace mallakar ma'aikatar ba a ran nan, amma ta ba Gwamnati ikon ba da umurni a cikinta. Bayan kwana kaɗan aka ga ma'aikatan Gwamnati suna ta fafutukar biyan kuɗin kayan da jiragen ruwa suka ɗauko daga Amurka da Ostareliya, don a sauke a kai wa wuta kafin ta huce.

To, a nan abin mamaki ya ke. Garin nan da ya zauna jiran jirgi ya kawo masa tama daga bayan teku, a bisa tama aka gina shi, har yau kuwa akwai sauranta kwance a ƙarƙashin gonakin da ke gabas da shi. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ke so ya gane rigimar 2025 sai ya koma baya ya ji labarin ramukan tamar Frodingham, waɗanda aka yi shekara kusan 130 ana haƙa ba fashi.

Yadda aka fara

A tsakiyar ƙarni na 19 babu wani birni a wurin nan. 'Yan ƙauyuka ne guda biyar, Scunthorpe, da Frodingham, da Crosby, da Brumby, da Ashby, waɗanda in an tara mutanensu duka a shekarar 1851 ba su kai 1,500 ba. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, ba ta da albarkar noma ƙwarai, har wani sashe nata an bar wa zomaye suna haƙa ramuka, ana kama su don nama da fata. Akwai alamun Rumawa sun taɓa narka ƙarfe a yankin tun zamanin da, amma an daɗe da mantawa. Jan dutsen da manoma su ke tonowa, iyakarsa a yi gini da shi ko a cike hanya.

Cikin 1859 wani mutum mai suna Rowland Winn, wanda gidansu ke da ƙasa mai yawa a wurin, ya sa aka auna dutsen nan, aka tabbatar masa tama ce. Ya ba waɗansu 'yan'uwa biyu masu ma'aikatar ƙarfe a lardin Yorkshire, waɗanda a ke kira Dawes, hayar wurin. Cikin 1860 aka fara haƙa. Da fari da keken doki a ke jan tamar zuwa bakin kogin Trent, a zuba a jiragen ruwa a kai wa tanderun waɗansu garuruwa. Winn ya ga in aka ci gaba a haka rami kaɗai za a bar musu, riba ta tafi wani wuri. Sai ya tsaya kai da fata a kan a kawo hanyar jirgin ƙasa, ya kuma yi ta jawo hankalin masu kuɗi su gina tanderu a gindin tamar. Cikin 1864 tanderu na fari ya kama wuta, cikin 1866 aka buɗe hanyar dogo. Kafin 1901 mutanen ƙauyukan nan sun haura 11,000, cikin 1919 kuwa aka haɗa su biyar ɗin suka zama gari guda mai majalisarsa, wanda tun 1936 a ke kira da sunan Scunthorpe kaɗai.

Halin tamar

Tamar Frodingham ba mai kyau ba ce, wannan kowa ya sani tun farko. Ƙarfen da ke cikinta bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba. A zamanin da can ƙarƙashin teku wurin ya ke, don haka dutsen cike ya ke da ɓawon makankari da katantanwa waɗanda suka daskare suka zama dutse, su ne suka sa farar ƙasa ta yi yawa a ciki. Mai narka tama yana bukatar farar ƙasa don ta kwashe datti, amma in ta yi yawa sai kashin tama ya yi kauri ya ƙi gudu, tanderu ya shaƙe. Masu aikin fari sun sha wuya da wannan kafin su gane maganinsa, watau a gauraya ta da wata tama mai rairayi da a ke kawowa daga wajen birnin Lincoln da lardin Northamptonshire.

Akwai kuma wani aibi. Tamar tana da wani sinadari da a ke kira fosfaras, wanda ya kan sa ƙarfe ya yi gautsi. Saboda haka shekara da shekaru ɗanyen ƙarfe kaɗai a ke yi a garin. Sai da waɗansu Turawa biyu, Thomas da Gilchrist, suka gano dabarar fid da fosfaras wajen ƙarshen shekarun 1870, sa'an nan hanya ta buɗe. Cikin 1890 aka fara tataccen ƙarfe a ma'aikatar Frodingham, irin wanda a ke yin dogo da gadoji da jiragen ruwa da shi. Kashin da ya fita da fosfaras ɗin kuma aka riƙa niƙawa ana sayar wa manoma taki.

Mai karatu zai ce, in haka tamar ta ke, me ya sa aka yi fiye da shekara ɗari ana binta? Dalili shi ne arha. Shimfiɗe ta ke kusa da bisa, kaurinta a waɗansu wurare ya kai ƙafa 30, ga ta kuma a bakin ƙofar tanderu, ba kuɗin jirgi, ba kuɗin fito. Da diga da shebur aka fara. Waɗansu ma'aikata su kwashe rairayin bisa su zuba a baro, su tura shi a kan katako siriri da aka ɗora bisa dogayen sanduna, su ƙetare ramin su juye a wancan gefe inda aka riga aka kwashe tama. Waɗansu kuma suna ƙasa suna fasa dutsen suna jefawa cikin taragai. Wanda ƙafarsa ta goce daga katakon nan ya gamu da karaya, ko abin da ya fi ta. Daga baya injunan tururi suka karɓi aikin, sa'an nan na lantarki, har aka kai ga manyan injuna masu dogon wuya waɗanda ke tafiya da ƙafafunsu kamar agwagwa.

Shimfiɗar tamar ta karkata ne wajen gabas, kome aka bi ta sai ta ƙara nutsewa, ƙasar da za a kwashe kafin a cim mata ta ƙaru. Da abin ya yi zurfi sai aka shiga bin ta ta ƙarƙashin ƙasa, aka buɗe rami a Santon cikin 1938, wani kuma a Dragonby cikin 1950, ga kuma buɗaɗɗun ramuka irin su Yarborough da Crosby Warren da Roxby da Winterton suna ta aiki.

Ranar da tamar nan ta fi nuna amfaninta ita ce lokacin yaƙin duniya na fari da na biyu. Jiragen Jamus masu nutso suna nutsad da jiragen da ke kawo tama mai kyau daga waje, sai Ingila ta koma ga tata ta gida, ta Frodingham da ta Northamptonshire, wadda a da a ke rainawa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A zamanin nan ne da bayansa aka gina manyan tanderu huɗu na ma'aikatar Appleby-Frodingham, biyu cikin 1939, biyu cikin 1954, aka sa musu sunayen sarauniyoyin Ingila, Mary da Bess da Anne da Victoria. An sha sabunta cikinsu tun daga lokacin, amma sunayen suna nan. Anne da Bess su ne biyun da Majalisa ta taru dominsu. Garin ya biya da rayuka kuma, gama cikin Nuwamba 1975 ruwa ya kwarara cikin narkakken ƙarfe a gindin Victoria, abin ya fashe, mutum 11 suka rasu.

Ranar da aka juya wa rami baya

Bayan yaƙi duniya ta sake. Aka buɗe manyan mahaƙai a Ostareliya da Burazil da Kanada da Afirka ta Yamma, inda ƙarfen da ke cikin tama ya kan haura kashi 60 cikin ɗari. Aka kuma ƙera jiragen ruwa masu ɗaukar ton dubu ɗari da fiye a tafiya guda, kuɗin ɗauko kaya ya faɗi ƙwarai. Ku yi lissafin da kanku. Kafin a sami ton guda na ƙarfe daga tamar Frodingham sai an narka ton 4 ko fiye, alhali daga ta waje abin bai kai ton 2 ba. Duk dutsen nan na banza kuwa sai an ƙona gasasshen kwal kafin ya narke, sa'an nan a nemi inda za a zubad da kashinsa. Kwal ya yi tsada, tamar gida ta ƙara zurfi, ta waje ta yi arha.

Cikin 1967 Gwamnati ta karɓe manyan kamfanonin ƙarfe ta haɗa su wuri guda. Sabuwar hukumar ta yi babban gyara a Scunthorpe wanda aka sa wa suna Anchor, ya fara aiki cikin 1973. Aka gina masaukin tama a tashar jiragen ruwa ta Immingham, mil 20 da 'yan kai daga garin, jirgin ƙasa ya riƙa jigila dare da rana. Daga nan rabon tamar gida cikin abin da a ke zuba wa tanderu ya yi ta raguwa. Cikin 1981 aka rufe ramukan ƙarƙashin ƙasa, a shekarar nan kuma aka rufe ma'aikatar Normanby Park. Kafin 1990 ta kama, rami na ƙarshe ya tsaya. Tamar ba ta ƙare ba, mai sayenta ne ya ƙare.

Dattawanmu sun san irin wannan labari. Kafin zuwan Turawa akwai masu haƙar tama da masu narka ta a wurare da yawa na ƙasar Hausa, har labarin Kano ya nuna neman tama ne ya kawo maƙera gindin Dala. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ƙarfen Turai da guntayen ƙarafan reluwe suka yi yawa a kasuwa, suka yi arha. Maƙeri ya ci gaba da ƙira, amma da ƙarfen wani, mai narka tama kuwa sannu a hankali ya bar sana'a. Bayan shekara sittin da wani abu sai ga shi abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Arhar kayan waje ta kashe haƙar tama a ƙasar da ta aiko mana da ƙarfen.

Abin da ya biyo baya

Ba za mu ce waɗanda suka yanke shawarar 1973 sun yi wauta ba. Da sun nace wa tamar gida, da ma'aikatar ba ta kai ƙarshen ƙarnin ba. Amma shawarar ta zo da wani abu wanda sai daga baya ya fito fili. Dalilin da ya sa aka gina tanderu a Scunthorpe shi ne tama tana ƙarƙashinsa. Da aka bar tamar, sai ya zama ma'aikata ce a tsakiyar gonaki, nesa da teku, tana gasa da waɗanda aka gina a bakin ruwa inda jirgi ke juye kaya a ƙofarsu. Kwal ma ya bi sawu. Ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a Birtaniya, watau Kellingley, an rufe shi cikin 2015, wurin gasa kwal na Scunthorpe kuma aka rufe shi cikin 2023. Tun daga nan abincin wutar duka sai an saye shi daga waje.

Mallakar ma'aikatar ita ma ba ta zauna wuri guda ba. Gwamnati ta sayad da ita ga 'yan kasuwa cikin 1988. Cikin 1999 aka haɗa ta da wani kamfanin Holan aka sa musu suna Corus. Cikin 2007 kamfanin Tata na Indiya ya saye. Cikin 2016 Tata ya sallama ta ga kamfanin Greybull a kan fam guda tak, cikin 2019 ta karye, cikin 2020 Jingye ya karɓa. Ma'aikatan ƙarfe a garin, waɗanda a da suka haura 20,000, suka koma 'yan dubbai. Kowane sabon mai gida ya zo da alkawarin gyara, kowanne kuma ya tarad da lissafi guda. Ƙasar Sin ita kaɗai tana yin fiye da rabin ƙarfen duniya, wajen ton miliyan 1,000 a shekara, rarar da ta ke fitarwa ta karya kuɗinsa a kasuwa. Birtaniya wadda ta yi ton miliyan 28 cikin 1970, abin da ta yi cikin 2024 bai wuce miliyan 4 ba. Ga tsadar lantarki, ga kuɗin da doka ta aza wa masu fid da hayaƙi, ga kuma kuɗin fito na kashi 25 cikin ɗari da Amurka ta sa wa ƙarfen waje cikin Maris 2025.

Maganar ɓangare biyu

Masu goyon bayan Gwamnati suka ce ƙasar da ba ta iya narka tama da kanta ta sa wuyanta a hannun wani. Suka ce kusan duk dogon da jiragen ƙasar Birtaniya ke bi daga Scunthorpe ya ke fitowa, in kuwa wutar ta mutu, Birtaniya za ta zama ita kaɗai cikin manyan ƙasashe bakwai masu arziki wadda ba ta yin sabon ƙarfe daga tama. Suka ƙara da cewa tanderu irin wannan ba murhun girki ba ne da za a kashe yau a hura gobe. In ya huce ba bisa shiri ba, ƙarfen da ke cikinsa ya kan daskare ya zama dunƙule guda, gyaransa ya yi wuya ƙwarai, wani lokaci ma sai dai a haƙura da shi.

Masu suka kuwa suka ce wace irin dogara da kai ce wannan, alhali tama da kwal duka a jirgi su ke zuwa? Ranar da aka tare teku, kamar yadda aka yi a yaƙin duniya, tanderu zai mutu ko da wa ke riƙe da shi, yanzu kuwa babu ramin Frodingham da za a koma gare shi. Suka ce hasarar da ta kori 'yan kasuwa ba ta gushe ba don an yi doka, sai dai ta komo kan mai biyan haraji.

A ganinmu kowane ɓangare yana da tasa gaskiya, amma ba a kan abu guda su ke magana ba. Gwamnati ta yi daidai da ta hana wutar mutuwa a ran nan, don wanda ya bar ta ta mutu ya yanke shawarar da ba a iya warwarewa, wanda ya riƙe ta kuwa yana da sauran zaɓi. Amma riƙe wuta dabam, sanin inda za a dosa dabam. Komawa ga tamar Frodingham ba abin yi ba ne, gama lissafin da ya rufe ramukan yana nan, ya ma ƙara tsanani. Tamar gida da ta rage wa Ingila yau ita ce tsofaffin ƙarafa, watau motoci da injuna da gine-ginen da aka rushe, waɗanda mafi yawansu a ke lodawa a jirgi a sayar wa Turkiyya da waɗansu ƙasashe. Tanderun lantarki shi ke cin irin wannan abinci. Sai dai yana bukatar lantarki mai arha, yana bukatar shekaru kafin a gina shi, ba ya kuma ɗaukar ma'aikata da yawa kamar na da. Har wa yau akwai irin ƙarfen da ba ya kyau sai an gauraya masa sabo.

A nan ne labarin ramukan ya ke da abin koyarwa. Barin tamar Frodingham bai kashe Scunthorpe ba, don an gina sabuwar hanya tukuna, aka yi fiye da shekara 15 ana rage haƙa kaɗan kaɗan, mutane suka sami lokacin da za su nemi madafa. Garin Corby na lardin Northamptonshire, wanda shi ma a kan tama aka gina shi, bai sami wannan sa'a ba. Cikin 1980 aka rufe ramukansa da tanderunsa gaba ɗaya, dubban magidanta suka wayi gari ba aiki. Haka aka yi wa Redcar cikin 2015. A Port Talbot kuma an kashe tanderu na ƙarshe cikin Satumba 2024 tun ba a gina na lantarkin da zai gaje shi ba, aikin mutum wajen 2,800 ya salwanta, ko da ya ke Gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 500 don sabon ginin. Ma'aikacin da ya ƙware, in ya yi shekara uku ba aiki, ya kan ƙaura da iyalinsa, ranar da sabon injin ya tashi a neme shi a rasa.

Saboda haka abin da ya kamata mai bin labarin nan ya zuba wa ido shi ne jerin aikin, wanne za a fara, ginin sabo ko kashe tsoho, kuma wa zai ɗauki nauyin tsakani. In aka fara da gini, garin da ke da mutum wajen 80,000 zai sake sana'a kamar yadda ya yi a shekarun 1970, da ciwo amma da rai. In aka fara da kashewa, dokar ran Asabar ɗin nan jinkiri kaɗai ta sayo.

Tsofaffin ramukan suna nan kewaye da garin. Waɗansu sun cika da ruwa sun zama tafkuna, waɗansu an mai da su gonaki, na Roxby kuwa an yi shekaru ana kawo masa sharar birnin Manchester a jirgin ƙasa ana zubawa. A jikin tambarin da aka yi wa garin cikin 1936 akwai hoton ɓawon nan na teku da ma'aikata suka riƙa tsinta cikin tama. Jikokin masu tura baro a kan katako suna cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar ma'aikatar ran 12 ga Afrilu suna sauraron abin da za a yanke a London. Allah ya sa masu yanke shawara su tuna da su.